Adirondak: Dajin Da Aka Haramta Wa Gatari

Ina fata an sauke tukunya, yara sun lafa, an samu wuri an zauna. Wadda ba ta gama aiki ba kuma, ki jawo rediyon kusa da murhu, tare za mu tafi.

Yau yawon buɗe ido za mu, ba kuɗin mota, ba neman izini, daga nan tsakar gida. Na san da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin irin hoton nan na jikin kalanda: ga duwatsu shuɗaye can nesa, ga tafki kwance kamar an shimfiɗa madubi, ga itatuwa ja da rawaya sun kewaye shi. Wata za ta ce ai zane ne, babu wuri irin wannan a duniya. To akwai shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne gandun dajin Adirondak, a arewacin jihar Niyok ta ƙasar Amurka, kusa da iyakar Kanada.

In aka ce Niyok, abin da ke zo mana a rai shi ne dogayen benaye da cinkoson motoci. Wancan birnin ne. Jihar kuwa tana da faɗi, kuma idan mutum ya bar birnin ya miƙa arewa a mota kamar awa huɗu zuwa biyar, sai ya tsinci kansa a cikin dajin da zai yi wuni yana tafiya bai haɗu da kowa ba. Girman gandun ya kai eka miliyan 6, wato wajen murabba'in kilomita 24,000. Don ki gane, ya ɗara jihar Kano faɗi. A cikinsa akwai tafkuna manya da ƙanana wajen 3,000, ga rafuka da ƙoramu da ba sa ƙafewa. Dutsen da ya fi kowanne tsawo ana kiransa Marcy, mita 1,629. Su kuwa tafkunan, ƙanƙara ce ta haƙa su. Shekaru dubbai da suka wuce ƙanƙara mai kauri ta rufe ƙasar baki ɗaya, tana ja tana kankare dutse, da ta narke sai ruwa ya cika ramukan da ta bari.

Sunan ma yana da labari. An ce daga harshen Mohok ya fito, wata ƙabila ce cikin mutanen da suka riga Turawa zama a ƙasar, kuma ma'anarsa masu cin ɓawon itace. Zambo ne suke yi wa maƙwabtansu waɗanda in sanyi ya yi tsanani abinci ya ƙare, sai su koma cin ɓargon da ke ƙarƙashin ɓawon bishiya. Kin ji tun daga suna an gaya miki wurin ba na wasa ba ne.

Amma abin da ya sa na zaɓo mana wannan wuri ba kyansa kaɗai ba ne. Dajin nan da ake yabo yau, an taɓa kusa aske shi ƙwal.

A wajajen 1850 babu jihar da ta kai Niyok fitar da katako a duk Amurka. Masu saran itace sukan shiga da sanyi su kayar da bishiyoyi, su jira ƙanƙara ta narke, sai su tura gungumen cikin kogi ruwa ya kai su injin. Majema kuma suna ɓare wani irin itace don ɓawonsa suke jima da shi, su bar gangar jikin ta ruɓe a ƙasa. Masu narkar da tama suna ƙona gawayi ba dare ba rana. Daga baya masu yin takarda suka zo, su ko ƙananan itatuwa ba su bari. Mutum zai sayi fili, ya sare abin da ke kai, ya ƙi biyan haraji, ya bar wa gwamnati kututture.

To a nan ne hankalin manyan 'yan kasuwar birni ya tashi, kuma ba don tausayin tsuntsaye ba. Ruwa ne ya tayar musu da hankali. Uwargida, ɗauki soson wanke-wanke ki jiƙa shi, ki ajiye a kan faranti. Za ki ga yana sakin ruwan a hankali, ɗis, ɗis, har tsawon lokaci. Yanzu zuba ruwan a kan farantin ba soso, nan take zai kwarare ya bar farantin a bushe. Haka daji yake a kan dutse. Ganyen da ya zube ya ruɓe, da saiwoyi, da gansakuka, su ne soson. Suna riƙe ruwan sama da na ƙanƙara su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. In an sare dajin, ambaliya za a yi lokaci guda, sannan kogi ya janye. Kogin Hudson, wanda ya bi ta birnin Niyok ya faɗa teku, daga waɗannan duwatsu yake tasowa. A zamanin kuwa ta ruwa ake dakon hatsi da kaya, ta kogin da kuma wata babbar hanyar ruwa da aka haƙa mai suna Erie. In ruwa ya ja baya, jirage sun tsaya, ciniki ya mutu.

Akwai wani saurayi mai safiyo, Verplanck Colvin, wanda ya yi shekaru yana hawa da sauka yana auna duwatsun. A 1872 ya gano wani ɗan tafki can sama a kafaɗar dutsen Marcy, wanda ake ɗauka shi ne mafarin Hudson mafi tsayi, aka raɗa masa suna Hawayen Gajimare. Shi ne ya dinga rubuta wa majalisa rahoto yana cewa a tsare dajin nan tun kafin a yi da-na-sani. A 1885 aka yi dokar keɓe filayen gwamnati da ke yankin. A 1892 aka kafa gandun, aka zagaye shi da shuɗin layi a taswira, har yau mutanen wurin in suna magana sai su ce wane yana zaune cikin shuɗin layi. Sai dai dokar majalisa, majalisa ce ke warware ta, kuma masu katako suna da baki a can. Saboda haka a 1894 aka ɗauki matakin da ya bambanta wannan daji da sauran: aka sa maganar a cikin kundin tsarin mulkin jihar, jama'a suka jefa ƙuri'a suka amince. Aka ce filayen gwamnati da ke wurin za su zauna daji har abada. Ba a sayar da su, ba a ba da hayarsu, ba a sare itacen da ke kansu. Ko gwamna ba shi da ikon taɓawa. In ana son canza ko da ɗan yanki ne, sai majalisu biyu da aka zaɓa a jere sun yarda, sannan a koma wa jama'a su yi ƙuri'a.

Ba a ce daga nan an huta ba. A 1903 gobara ta cinye sama da eka 400,000, yawanci tartsatsin jirgin ƙasa ne ke faɗawa kan busassun rassan da masu sara suka bari. Aka sake yin wata a 1908. Bayan nan ne aka kakkafa hasumiyoyi a kan duwatsu, mutum ya zauna a sama yana duban hayaƙi. Amma a hankali dajin ya tofo. Yawancin abin da baƙo ke gani yau yana cewa tun fil'azal haka yake, sabon tashi ne, shekara ɗari da 'yan kai.

Wani abin da zai ba ki mamaki, ba a kori mutane ba. Gwamnati ba ta mallaki ko rabin gandun ba, sauran na jama'a ne da kamfanoni. Akwai garuruwa da ƙauyuka wajen 100 a ciki, da mutane kimanin 130,000 da ke zaune rani da damina, da makarantunsu da asibitocinsu da shagunansu. Filin gwamnati da na mutane a cakuɗe suke kamar zanen atamfa. Kuma a nan rigimar take. A 1971 aka kafa hukumar da ke tsara abin da mutum zai iya ginawa a filinsa na kansa. A wasu sassan, gida ɗaya tak aka yarda a gina a kusan eka 43. Ki ɗauka ke ce kika gaji fili daga mahaifinki, kina son yanka wa 'ya'yanki kowa ya yi gida, sai a ce sai kin nemi izini, wataƙila ma a hana. Mutanen wurin sun yi fushi ƙwarai, suna cewa masu kuɗin birni sun mayar da garinsu wurin shan iska, su kuma an bar su da talauci. Ni dai ban ga laifin fushinsu ba. Aikin katako da na ma'adinai ya ragu, matasa suna barin gida, makarantu na ƙarancin yara, gidaje sun yi tsada saboda baƙi na saye don hutu. A ɗaya gefen kuma, da ba a yi dokar ba, da bakin kowane tafki ya cika da gine-gine, kuma baƙin da ke kawo kuɗin ba za su zo kallon katanga ba. Abu ɗaya da ke rage zafi shi ne gwamnatin jihar tana biyan ƙananan hukumomi haraji a kan dajinta, kamar yadda kowane mai fili ke biya.

Bari mu bar siyasa mu shiga dajin.

In kina son ganin launin kalandar nan, ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ake zuwa. Kafin ganye ya zube sai ya rikiɗe, wani ja kamar an tsoma shi a lalle, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro, duk dutse ya ɗauka. Mako biyu ko uku ne abin ya wuce. Sai sanyi. Sanyin wurin ba irin wanda ake maganinsa da kaskon wuta ba ne. A 1979, a garin Old Forge, awo ya sauka har digiri 47 ƙasa da sifili. Tafki kan daskare ya yi tauri har mutane su taka a kai, su huda rami su zura ƙugiya su kama kifi. Saboda wannan dusar ƙanƙara ne ƙaramin garin Lake Placid ya karɓi wasannin Olamfik na lokacin sanyi har sau biyu, a 1932 da 1980.

Da sanyi ya fara sassautawa, wajen Maris, sai a shiga aikin da na san zai burge masu girki. Akwai wata bishiya, mapul, wadda ruwan jikinta ke da ɗan zaƙi. In dare ya daskare rana kuma ta ɗan yi ɗumi, sai ruwan ya motsa. A huda jikinta a sa ɗan bututu, ya riƙa ɗiga cikin bokiti. Sai a dafa, a yi ta dafawa, kamar mai yin maɗi. Sai an ƙone wajen lita 40 kafin a samu lita 1 ta zumar, shi ya sa take da tsada. Suna zuba ta a kan wainar fulawa da safe. Watan Mayu da Yuni kuwa, masu wayo ba sa zuwa. Lokacin wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne masu cizo, su shiga kunne su shiga wuya, sai mutum ya rufe fuska da raga.

Da zafi, Yuli da Agusta, nan ne kasuwa ke ci. Iyali su ɗauko tanti da kwalekwale. Da yake tafkunan a jere suke, rafi na haɗa wannan da wancan, mutum kan yi kwanaki yana tuƙi, inda ruwa ya yanke ya ɗora kwalekwalen a ka ya taka zuwa na gaba. A bakin hanya akwai 'yan rumfunan gungume masu bango uku, gaba a buɗe, kyauta ne, wanda ya riga zuwa shi ke kwana. Da dare sai ki ji wani kuka mai tsawo daga tsakiyar ruwa, kamar mace na rera makoki. Wani tsuntsu ne mai kama da agwagwa, baƙi da ɗigon fari, ido ja wur, suna ce masa lun. Gwanin nutso ne, kuma in 'ya'yansa suna ƙanana a bayansa yake ɗora su yana yawo a ruwa. Goyo dai ba mu kaɗai muka iya ba.

Akwai biba, mai kama da ƙatuwar gafiya mai faffaɗar wutsiya, wadda ke yanke itace da haƙori ta datse rafi ta yi wa kanta tafki. An kusa ƙarar da ita saboda fatarta, sai a farkon shekarun 1900 aka kawo wasu aka sake, yanzu sun cika ko'ina. Akwai mus, dangin barewa ne amma ya fi doki tsayi. Ya ɓace tun wajen 1860, sai ga shi ya dawo da ƙafarsa a shekarun 1980. Kyarkeci da damisar dutse kuwa, tun da aka ƙarar da su ba su sake kafa zama ba.

Sai beya, baƙar dabbar nan mai ƙarfi da son zaƙi. Ba ta cika taɓa mutum ba, abincinsa take so. Don haka a sashen manyan duwatsu doka ce, daga Afrilu zuwa Nuwamba, duk mai kwana ya zuba abincinsa a wata gwangwani mai murfi na musamman, ya ajiye nesa da inda yake barci. To an yi wata macen beya da ma'aikata suka maƙala wa alama rawaya a kunnuwa biyu, har ake kiranta da sunan alamar. Ita wannan sai ta koyi buɗe wani samfurin gwangwanin da mutane ma ke fama da shi. Ta danne maɓallin da haƙori, ta murɗa, ta cinye guzurin bayin Allah. Kamfanin ya sake murfi, ta sake buɗewa. Har jaridu suka buga labarinta a 2009. Duk mai yaron da ya gano inda ake ɓoye tukunyar nama ta san wannan hali.

Tun kafin masu yawon shaƙatawa su yi yawa, marasa lafiya ne suka fara cika wurin. Wani likita, Edward Trudeau, ya kamu da tarin fuka, ya tafi dajin a 1873 yana ganin can zai ƙarasa kwanansa, sai ya ji sauƙi. Ya buɗe wurin jinya a garin Saranac Lake a tsakiyar shekarun 1880, kuma waɗanda aka fara kwantarwa wasu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, ma'aikatan masana'anta daga birni. Maganin a lokacin hutu ne, da abinci mai kyau, da iska. Za a naɗe mutum da barguna a zaunar da shi a baranda awanni da yawa kullum, ko ana zuba ƙanƙara. Garin duka ya koma gidajen jinya, kuma da yawansu mata ne ke riƙe da su, suna dafawa suna kula da baƙi, da haka suke ci da iyalinsu. A kula fa, iska ba ta kashe ƙwayar cutar. Da aka samo maganin gaske sai aka rufe wurin a 1954. Mai tari ya wuce mako biyu, asibiti za ta, ba baranda ba.

Ga wani abin da ya tsaya mini a rai. A cikin dajin nan an taɓa yin wani ƙauye da ake kira Tumbutu, sunan birnin malaman nan na ƙasar Mali. A lokacin, dokar Niyok ta ce baƙar fata ba zai yi zaɓe ba sai yana da dukiyar da ta kai dala 250, sharaɗin da ba a ɗora wa farare ba. Sai wani attajiri mai adawa da bauta, Gerrit Smith, ya raba eka 120,000 ga baƙaƙen fata 3,000 daga 1846, kowa wajen eka 40, don su samu abin dogaro da kuma ƙuri'a. Kaɗan ne suka iya zuwa suka zauna. Ƙasar duwatsu ce, sanyi ya yi yawa, yawancinsu kuma mutanen birni ne ba su da jarin fara noma. Ƙauyen ya watse, daji ya rufe gonakin.

Mu dawo kan mata. Akwai manyan duwatsu 46 da masu hawa ke ƙoƙarin gamawa duka. Wasu 'yan'uwa biyu maza da jagoransu ne suka fara kammalawa a 1925. Mace ta farko ita ce Grace Hudowalski, a 1937, ita ce ta tara a jerin duk waɗanda suka gama. Ta fara da dutsen Marcy tun tana budurwa a 1922, tafiyar kwana uku cikin taɓo da cizon ƙudaje. Amma ba hawan ne ya sa ake tunawa da ita ba. Shekaru masu yawa, duk wanda ke hawan duwatsun nan zai rubuto mata wasiƙa ya ba ta labarin tafiyarsa, ita kuma ta zauna a ɗakinta ta ba shi amsa, ɗaya bayan ɗaya, dubban wasiƙu. Ta rasu a 2004 tana da shekara 98, kuma a 2014 aka sa wa ɗaya daga cikin duwatsun sunanta.

Kundin tsarin mulki ya hana gatari, amma bai iya tare iska ba. Daga can yamma, masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal suna tura hayaƙi sama, iska ta kwaso shi, ya haɗu da gajimare ya sauko a ruwan sama mai tsami. Tafki zai yi garau kamar ruwan randa, kyakkyawa, amma ba kifi ko ɗaya a ciki. Binciken da aka yi a tsakiyar shekarun 1980 a tafkuna sama da 1,400 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu babu kifi. A 1990 aka tsaurara dokar hayaƙi a ƙasar baki ɗaya, kuma a hankali ruwan ya fara warkewa, kifi ya koma wasu tafkunan. Sai dai zaibar da hayaƙin ya zubar tana nan a jikin wasu manyan kifaye, shi ya sa hukumar lafiya ta jihar ke gargaɗin mata masu haihuwa da ƙananan yara a kan cin wasu irin kifin wurin, don tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ma yana gangarawa rijiyoyin mutane.

Sannan ga ƙafar masoya. Miliyoyin mutane ke zuwa kowace shekara, kuma kowa dutsen da ya gani a hoto yake so ya hau. A can ƙololuwa akwai wasu 'yan tsirrai ƙanana da suka rage tun zamanin ƙanƙara, ba sa girma sai a hankali, taku kaɗan ke kashe su. Yanzu akwai ma'aikatan da ke hawa kullum da zafi, su tsaya a sama suna roƙon mutane su taka kan dutse kawai, kada su taka ciyawa. A wata mashigar ma, tun 2021 sai mutum ya yi rajista kafin ya samu wurin ajiye mota. Wasu na gunaguni, suna cewa dajin na kowa ne, don me za a sa musu layi.

To 'yan'uwa, agogo ya cim mana, ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.